Gidan Musar da Teburin Labanan: Inda Tsami Yake Neman Maiƙo

Duk wanda ya taɓa tauna ɗanyen goro ya san bauri. Baki ya bushe, harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure kamar an ja shi da zare. Abin da ke haddasa haka wani sinadari ne da masana ke kira tanin, yana cikin goro, yana cikin ganyen shayin da ya daɗe a buta, yana kuma cikin ɓawo da ƙwallon baƙin inabi. Aikinsa shi ne ya kama sinadarin da ke sa miyau santsi ya dunƙule shi. Idan mutum ya kai loma mai kitse baki, sai tanin ya sami abin kamawa ya sakar wa harshe mara. A kan wannan ɗan ƙaramin sirri aka gina rabin ilimin haɗa giyar inabi da abinci. Ɗaya rabin kuwa tsami ne, kuma wannan babu uwargidan da za a koya wa shi, don ta san dalilin da ya sa ake jefa tsamiya ko yakuwa a miyar da mai ya yi wa yawa.

Hukuncin giya a Musulunci a bayyane yake, kuma yawancin masu karanta wannan sharhi ba sa kusantar ta. Ban zo in kwaɗaitar da kowa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne wani gida guda a ƙasar Labanan, Château Musar, wanda iyalin Hochar, Kiristoci 'yan ɗariƙar Maroniyawa, suke riƙe da shi tun 1930. Abincin ƙasarsu ba baƙo ba ne a wurinmu: 'yan Labanan sun fi shekara ɗari suna kasuwanci a Kano, har akwai titin Beirut a birnin, shawarma kuma ta zama abin kowace unguwa. Tambayar da nake son bi ita ce: me ya sa abin da wannan gida yake yi ya raba kan masana gida biyu, wasu na cewa gwaninta, wasu na cewa aibi, kuma me ya sa gardamar take mutuwa da zarar an ajiye akushi a gaban masu yin ta?

Gaston Hochar yana ɗan shekara 20 ya kafa gidan, bayan ya zaga Bordeaux a Faransa ya ga yadda ake aikin. A lokacin Labanan tana ƙarƙashin Faransa, sojoji da ma'aikatan Faransawa sun cika ƙasar, su ne masu sayen farko. Ya kafa matsarsa a wani tsohon gini na ƙarni na 18 a garin Ghazir, kan tudun da ke kallon gaɓar Juniya, arewa da Bairut. Sunan wurin Mzar, tushensa ɗaya da kalmarmu ta ziyara, wato wurin da ake zuwa gani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi abota da wani hafsan Ingila, Manjo Ronald Barton, wanda danginsa ke da gidan Langoa-Barton a Bordeaux, abotar ta yi ƙarfi har Gaston ya sa wa ɗansa na biyu suna Ronald. Babban ɗan, Serge, shi ya je jami'ar Bordeaux ya yi karatu a hannun masanin giyar inabi Émile Peynaud, ya karɓi ragamar matsar a 1959.

Gonakin ba a Ghazir suke ba. Suna can bayan dutse, a kwarin Bika, kusa da ƙauyukan Aana da Kefraya, a tudun da ya kai kimanin mita 1,000 sama da teku. Rana tana dukan kwarin kusan kwana 300 a shekara, amma dare yana da sanyi, ƙanƙarar da ke narkewa daga duwatsun gabas da yamma kuma tana shayar da ƙasa. Zafin rana shi ke cika inabi da zaƙi, sanyin dare shi ke hana tsaminsa gudu. Da hannu ake tsinka, da sassafe, a loda a manyan motoci su haura Dutsen Labanan su gangara zuwa Ghazir. A zaman lafiya tafiyar 'yan sa'o'i ce. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, ya kai har 1990, hanyar ta zama ta shingaye da harsasai. A 1976 ba a matsa komai ba. A 1984 inabin ya yi kwanaki a hanya, kafin ya iso ya fara tsima a cikin mota, abin da aka samu daga gare shi aka ɓoye shekaru masu yawa ba a sayar ba. Sauran shekarun duka an yi aiki. Kasuwar gida ta mutu, sai Serge da Ronald suka ɗauki kwalabe suka nufi Ingila. A bikin baje kolin giya na Bristol a 1979, Michael Broadbent na kamfanin gwanjon Christie's ya ɗanɗana ya yaba a bainar jama'a, daga nan ƙofa ta buɗe. A 1984 mujallar Decanter ta zaɓi Serge gwarzon shekara, shi ne mutum na farko da ta taɓa ba wannan lambar. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 2014 yana iyo a teku a Acapulco ta ƙasar Meziko. 'Ya'yansa Gaston da Marc, da ɗan ƙaninsa Ralph, su ke riƙe da gidan.

Labarin yaƙin ya yi suna har yana neman rufe abin da ke cikin kwalbar. Bari mu koma kanta.

Babbar jar giyar gidan daga irin inabi uku ake haɗa ta, kusan kashi ɗaya bisa uku kowanne. Cabernet Sauvignon mai kaurin ɓawo shi ne ƙashin bayan, daga gare shi yawancin baurin yake fitowa. Carignan yana kawo tsami da duhun launi. Cinsault, wanda limaman Jesuit na gidan Ksara suka shigo da shi kwarin daga Aljeriya bayan sun fara noma a 1857, shi ne mai laushi da ƙamshi. Ba a zuba yis na kanti. Wanda ke manne a ɓawon inabin tun daga gona shi ake bari ya ci zaƙin ya mai da shi barasa, a cikin manyan kwarmin siminti. Daga nan kowane iri ya shekara a gangar katako ta itacen ok na Faransa, a haɗa su a shekara ta uku, a ɗura a kwalba ba tare da tacewa ba, a kwantar a ɗakin ƙarƙashin dutse. Sai ta cika shekara bakwai da tsinka ake fitar da ita kasuwa. Ɗan kasuwa ya san nauyin wannan: jarinka yana kwance a rami shekara bakwai, kana biyan ma'aikata, ga ƙasar da kuɗinta ya sha karyewa. A 2006 gonakin suka sami shaidar noma ba takin zamani ba maganin feshi, su ne na farko a Labanan.

To ina aibin da ake faɗa? Wuri biyu. Na farko, tana da wani tsami mai tashi zuwa hanci, ɗan'uwan na ruwan khal, wanda a makarantun koyon aikin ake koya wa ɗalibi ya guje shi. Na biyu, a wasu shekarun tana ɗauke da wari irin na barga ko fatar da aka jeme, aikin wani yis na daji mai suna Brettanomyces. Gidajen zamani suna kashe kuɗi masu yawa don su kore waɗannan biyun. Serge ya bar su da gangan, daidai gwargwado, yana ganin su ne ke ba abin rai. Haka kuma ba ya neman ta 1995 ta yi kama da ta 1999. Kowace shekara da halinta, har kwalba biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta.

Ni a ganina masu sukar suna da gaskiya a abu ɗaya: wanda ya biya kuɗi mai yawa yana da haƙƙin ya san abin da zai tarar, kuma kwalbar da warin barga ya rinjaya ta lalace, ko wane suna ke jikinta. Inda suka kuskure shi ne wurin da suke yanke hukunci. Suna jera kofuna hamsin a kan farin tebur, ba gurasa ba nama, su kurɓa su tofar su ba da maki. Daddawa ma idan aka shinshina ta ita kaɗai a tafin hannu ba za ta ci jarrabawa ba. A tukunya ake sanin darajarta. Jar Musar don tebur aka yi ta, kuma teburin da ta fi sani shi ne na naman rago.

A duba yadda ake gasa nama a Labanan. Ana yanka tsokar rago gutsi-gutsi, a soke a tsinke, a riƙa saka ɗan kitsen jela tsakanin yanka da yanka, a ɗora a garwashi. Ko a niƙa naman da albasa da ganyen baƙdunis a yi kafta. Kayan ƙamshinsu kirfa ce da masoro da kanumfari da danginsu, masu ɗumi ne, ba masu ƙuna ba. Kitsen yana narkewa ya lulluɓe harshe, bayan loma uku baki ya yi nauyi. A nan baurin yake samun abin kamawa, tsamin nan da aka kira aibi kuma ya wanke maiƙon, loma ta huɗu ta dawo kamar ta farko. Ƙamshin da giyar take samu idan ta manyanta, na busasshen ɓaure da kirfa da ganyen taba, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da aka barbaɗa wa naman. Haka take da kafaɗar rago da aka dafa a hankali aka ɗora a kan farika, wato alkamar da ake girbewa tana ɗanya a babbaka ta, mai ɗanɗanon hayaƙi. Haka take da sfiha ta Ba'albak, 'yar gurasa mai kusurwa huɗu da ake cusa wa niƙaƙƙen nama. Turawan Ingila, waɗanda su ne manyan masu sayenta tun 1979, sun gano tana shiri da naman daji, agwagwa da makwarwa da barewa, da kuma naman kaza. Dalilin ɗaya ne: abin da yake da ɗan warin ƙasa da daji ba ya tsoron warin barga kaɗan, sai ma su rufa wa juna asiri.

Shekarun kwalbar suna sauya lissafin. Mai shekara bakwai zuwa goma baurinta da saura, tana son gashi mai kitse da ɗan ƙonewa a gefe. Wadda ta haura ashirin ta yi laushi, launinta ya koma na jan bulo, abinci mai hayaniya zai danne ta, sai dai dafaffen nama mai romo ba yawan kayan haɗi.

Buɗe irin wannan tsohuwar kwalba ma aiki ne na natsuwa. Tun daren da ya gabaci ranar buɗewa ake tsayar da ita, don diddigar da ta kwanta a gefe ta gangara gindi, tunda ba a tace ta ba. Toshiyar bakin ta tsufa, idan aka murɗa mata ƙarfe mai kaifi sai ta marmashe, shi ya sa ake amfani da wani mabuɗi mai harshe biyu sirara, a zura su ta gefe tsakanin toshiya da gilashi, a riƙa lanƙwasawa hagu da dama har su nutse, sannan a murɗo a hankali. Mai juyewa yana riƙe wuyan kwalbar a saitin fitila, yana tsiyayawa cikin wani tulun gilashi ba tare da ya tsaya ba, idonsa a kan wuyan. Da ya ga baƙin gari ya fara tahowa sai ya ɗaga hannu. Warin farko da ke fitowa sau da yawa ba daɗi, na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A ba ta sa'a ɗaya ko biyu ta sha iska, ya wuce. Da yawa daga waɗanda suka yanke mata hukunci, a wannan minti na farko suka yanke.

Farar giyar gidan ta fi jar ban mamaki, kuma ita ce ta rushe ƙa'idar da kowane littafi ke maimaitawa, wai ja da nama, fara da kifi. Daga irin inabi biyu na asalin ƙasar ake yin ta, Obaideh da Merwah, waɗanda ke tsiro a kan duwatsu sama da inda jajayen suke. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai suna filoksera ya cinye saiwar gonakin inabin Turai, tun daga nan mafi yawan kurangun duniya aure ake yi musu, kamar yadda muke yi wa mangwaro: saiwar Amurka a ƙasa, reshen Turai a sama. Waɗannan tsofaffin kurangun na Musar ba a yi musu aure ba, a kan saiwarsu suke tsaye. Ruwansu yana yin wata shida zuwa tara a gangar katako, sannan ya yi shekaru a kwalba kafin a sayar. Abin da ke fitowa ba ruwan garau mai sanyi ba ne irin wanda aka saba. Launinsa na zuma ne, ƙamshinsa na zuma da gyaɗar da aka soya da ɓawon lemo, amma babu zaƙi ko kaɗan, ga kauri a baki. Gidan yana ba da shawarar kada a sanyaya ta sosai, a bar ta wajen digiri 15, a juye ta a tulu kamar ja. An san Serge da gabatar da fararen bayan jajaye a wurin ɗanɗano, saɓanin al'adar kowa, don yana ganin sun fi ƙarfin hali.

Saboda haka kifi mai laushi da aka turara ba abokinta ba ne, za ta hau kansa. Tana son sayadiya, shinkafar masunta da ake dafawa da romon kifi da albasar da aka soya har ta yi baƙi-baƙi. Tana son kifin da aka lulluɓe da miyar niƙaƙƙen riɗi da lemon tsami. Riɗi abu ne mai wuyar sha'ani, yana da maiƙo da ɗan ɗaci, yana manne wa harshe, jar giya mai bauri idan ta haɗu da shi ɗacin ninkuwa yake. Farar Musar tana da tsamin da zai ratsa shi, da ƙamshin gyaɗa da zai karɓe shi. Wannan ya sa take zama da hummus da mutabbal, wato gasasshen baƙin yalo da aka kirɓa da riɗi. Tana zama da kaza, da tsohon cuku mai gishiri. Idan za a tambaye ni wace kwalba ce ta fi fahimtar girkin ƙasarta a duk gidan, wannan zan nuna.

Ƙananan kwalaben ba sa buƙatar dogon bayani. Hochar Père et Fils ja ce daga gona guda kusa da Aana, Cinsault ya fi yawa a ciki, tana fita da wuri, ta dace da kafta da tsiran makanik da mujaddara, wato adas da shinkafa da soyayyar albasa. Musar Jeune kala uku ce, ja da fara da ruwan hoda, ba ta shiga gangar katako, ana shan ta tana sabuwa. Ita ake kai wa teburin rana.

Akwai inda duk gidan yake durƙusawa, kuma gaskiya ta ce a faɗa. Teburin mezze na Labanan ba kwano ɗaya ba ne, ƙananan faranti ne ashirin ko fiye a lokaci guda. Ga tabbula da ruwan lemon tsami ya jiƙe ta, ga fattush mai garin summaƙ da madin rumman, ga tum, ɗanyar tafarnuwa da aka buga da mai har ta yi fari kamar man shanu, ga zaitun, ga kayan lambu da aka jiƙa a khal, ga tataccen kindirmo. Lemon tsami yana sa giyar da tsaminta bai kai nasa ba ta zama lami. Ɗanyar tafarnuwa tana kashe duk wani ƙamshi mai laushi. Barkono, inda aka sa shi, barasa tana ƙara masa wuta, bauri kuma ya koma ɗaci. Man kifi da jar giya suna barin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Wanda ya buɗe kwalba mai shekara ashirin a gaban wannan tebur ya yi asarar ta. Mai ruwan hoda da ƙaramar fara suna iya jurewa, su ma da ƙyar.

Mutanen dutsen sun warware wannan tun kafin a haifi Gaston Hochar, da arak. Tsimammen ruwan inabi ne da ake dafawa a tukunyar tagulla a tara tururinsa, a maimaita, a sa 'ya'yan yansun a dahuwar ƙarshe, a ajiye a tulunan ƙasa. Ƙarfinsa yakan haura kashi 50 cikin 100, shi ya sa ake sirka kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, sannan a jefa ƙanƙara. Da ruwa ya taɓa shi sai ya koma fari fat, saboda man yansun ba ya narkewa a ruwa, har suna yi masa laƙabi da nonon zaki. Gidan Musar ma yana yin nasa. Yansun yana share tafarnuwa da lemo da albasa daga harshe tsakanin faranti da faranti, abin da babu giyar inabin da ke iyawa.

An fi ganin haka a kan kibba nayya, abincin alfaharin ƙauyukan dutse. Da safe ake yanka ragon, a zaɓi jar tsoka marar jijiya marar kitse. Mace ta zauna gaban turmin dutse da suke kira jurun, ta riƙa kirɓa naman da taɓarya ta katako da gishiri, tana tsince farin zaren jijiya da yatsa, har ya zama laushi kamar ƙullu. Ta wanke ɓarzajjiyar alkama ta matse, ta haɗa, tana tsoma hannu a ruwan ƙanƙara don kada ɗumin tafinta ya taɓa naman. Ta shimfiɗa a faranti, ta ja layuka da bayan cokali, ta kwarara man zaitun a cikin layukan, ta kafa ganyen na'a-na'a da farar albasa a gefe. Ɗanye ake ci, a yagi gurasa a dangwala. Nama ne, rago ne, bisa ƙa'idar littafi ja ce abokiyarsa. Amma a ƙauyen ƙaramin kofin arak ake ajiyewa kusa da shi, babbar kwalbar kuma ta jira har a kwashe ƙananan faranti, hayaƙin gashi ya taso daga tsakar gida.

Zaƙi shi ne iyaka ta ƙarshe. Baƙlawa da kunafa suna iyo a ruwan sukari, kuma duk abin sha da zaƙinsa bai kai na abincin ba, tsami da ɗaci kawai zai bari a baki. Gidan Musar ba ya cikin masu yin giya mai zaƙi. Idan aka kawo tiren kayan zaƙi da 'ya'yan itace, an riga an kwashe kofunan gilashi, ana jin ƙamshin gahawa mai ɗaci daga madafa.